Naman Barewa Daga Gonar Wani: In Ci Ko In Mayar?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan karatun Risala na daren Laraba, wani dattijo cikin jama'armu ya tsayar da mu a ƙofar masallaci da tambaya. Ɗansa yana aiki a birnin Kolombus na jihar Ohayo a Amurka. Wani abokin aikinsa Kirista ya harbo barewa a gonar kawunsa, ya kawo masa cinya guda da ƙullin niƙaƙƙen nama. Yaron ya zuba a firij, ya bugo waya gida: "Baba, in ci ko in mayar?" Mun ga amsar za ta amfani kowa, na can da na nan Zango, shi ya sa muka kawo ta wannan shafi.

Dabbar da ake magana ita ce barewar Amurka mai farar wutsiya. Ta ɗan saɓa da tamu, don ƙahon namijinta yana reshe kamar itace, kuma yana zuba duk shekara ya sake fitowa. Amma ciyawa take ci, tana tuƙa, ba ta da fiƙa. Halal ce a asali, kamar gada da mazo. Abin dubawa shi ne wa ya harbe ta, ta yaya, kuma a ina.

Allah ya halatta farauta a Suratul Ma'ida, aya ta 4, ya kuma hana ta ga mai harami a aya ta 95 da 96. A mazhabarmu ta Malikiyya, harbi yana zama madadin yanka idan maharbin Musulmi ne mai hankali, ya yi niyya, ya ce Bismillah lokacin sakin harbin, dabbar kuma ta dawa ce da ba a iya kama ta sai da wahala. In ya manta Bismillah ana ci, in da gangan ya bari ba a ci. Dole makamin ya huda jiki ya zubar da jini. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, an halatta abin da tsinin makami ya huda, an hana abin da gefensa ya buge ya kashe. Da bindiga ta bayyana, malaman Malikiyya na baya, irin su Shehu Abdulƙadir Alfasi, sun halatta abin da harsashi ya kashe, saboda yana hudawa yana zubar da jini.

To, in ka tarar da ita da rai fa? Idan harbin bai sami wurin kisa ba, yanka ya wajaba. Ka tsaya ɗaukar hoto ko neman wuƙa har ta mutu, ta zama mushe. Haka wadda ta mutu a tarko ko a igiyar waya kafin a iso.

Farautar Kirista ko Bayahude kuwa, mashhurin zance a Malikiyya shi ne ba a ci, duk da cewa yankansu yana halatta da sharuɗɗansa. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta, suna ƙiyasta ta da yanka. Saɓani ne na malamai, kada a mayar da shi abin zagin juna. Mu dai a kan Malikiyya muke karantarwa.

Sai maganar gona. A Amurka, barewar dawa ba ta mai gona ba ce, hukumar jiha ke riƙe da ita a madadin jama'a, ita ke ba da lasin, ita ke sa lokaci da adadi. Amma ƙofa ta mai gona ce. A Ohayo sai da rubutaccen izininsa za ka yi farauta a filinsa. A Teksas, inda sama da kashi 90 cikin 100 na ƙasa mallakin mutane ne, galibi kuɗi ake biya a yi hayar filin. Fiƙihu ma kusan haka ya ce: dabbar dawa ta wanda ya riga kama ta ce, amma wannan bai ba kowa damar tsallaka shingen wani ba. Bismillah tana halatta nama, ba ta goge haƙƙin mai gona, Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Idan kuwa dabbar ta kiwo ce, an killace ta ta saba da mutane, harbinta cin dukiyar wani ne, kuma harbi ba ya isar mata, sai yanka.

Wannan ya shafe mu a nan gida. Da rani yaranmu kan shiga gonakin koko da na rogo da karnuka, wasu har da cinna wuta don koro gyazbi. Bishiyar koko tana shekaru kafin ta fara haihuwa. Wanda ya ƙone ta saboda nama ɗaya, biyan ɓarna yana kansa duniya da lahira. Mu kuma tuna dokar Gana ta rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara, lokacin da dabbobi ke ɗauke da ciki ko shayarwa. Mai sayen naman daji a kasuwar Atwemonom ta Kumasi shi ma ya tambayi wanda ya kashe da yadda aka kashe, domin ƙyafaffen nama ba ya faɗin tarihinsa.

Batun ɗanɗano kuma, naman barewa ja ne wur, tsoka zalla, kitse kaɗan. Masu cewa yana ƙarni, yawanci laifin hannu ne, ba na dabba ba. In aka yi jinkirin farke ciki, ko harsashi ya fasa tumbi, ko naman ya daɗe da zafi, dole ya yi wari. Tsohon namiji a lokacin barbara, wajen watan Nuwamba, ya fi ƙarni da tauri, kamar dai bunsuru. Wadda ta yi kiwo kusa da gonar masara ta fi laushin ɗanɗano. A cire kitsen, don yana daskarewa a baki kamar kyandir. Gadon baya ya dace da gashi na ɗan lokaci, wuya da ƙafa sai farfesu a wuta kaɗan-kaɗan da citta da kanumfari.

Rashin kitsen nan shi ne ya sa muka fi jin tsoron niƙaƙƙen naman. Masu sarrafa naman farauta a can sukan haɗa shi da kitsen alade ko na sa don kada ya bushe, musamman a sosej. In na alade ne, babu saɓani a haramcinsa. Tunda doka ta hana sayar da naman barewar dawa, kyauta yake yawo hannu zuwa hannu, sau da yawa ba takardar da ta faɗi abin da ke ciki. Sai an tambaya.

Ga abin da muka ce wa Baba ya isar wa ɗansa. Ya gode wa abokinsa, ya yi masa bayani cikin mutunci, don mai kyauta bai cancanci a ɓata masa rai ba. Cinyar, a kan mazhabarmu ya bar ta. Niƙaƙƙen, kada ya taɓa muddin bai san abin da aka zuba ba. In kuma yana marmarin naman, ya yi kwas ɗin da hukuma ta shar'anta, ya karɓi lasin, ya nemi izinin mai gona a rubuce, ya bi abokin nasa dawa da wuƙarsa a ƙugu, ya harba da hannunsa da sunan Allah.

Allah ya ciyar da mu halal, ya tsare mu daga haƙƙin mutane. Wallahu a'alam.