Hutu a Kan Sirdin Keke: Yadda Ake Shirya Tafiyar Gaɓar Tafkin Kivu

A ƙasar Hausa keke abin neman abinci ne. Da shi ake kai kaya kasuwa, da shi ɗalibi ke zuwa makaranta, da shi manomi ke sammako zuwa gona. Shi ya sa idan aka ce wani ya ɗauki hutun aiki, ya biya kuɗin jirgi, don kawai ya je wata ƙasa ya yi kwanaki yana tuƙa keke, mutane da yawa za su ce ya rasa abin yi da kuɗinsa. Amma wannan irin hutu ya daɗe da zama ruwan dare a duniya. A Turai, hanyar keken da ke bin gaɓar kogin Danube daga Passau ta Jamus zuwa Biyana ta Ostiriya, mai tsawon kilomita 300 da 'yan kai, kan cika da matafiya duk lokacin zafinsu, har da tsofaffi da yara, domin shimfiɗaɗɗiya ce. Matsalarta gare mu ita ce bizar Turai da wahalar samunta. Akwai wadda ta fi kusa da mu, ba ta buƙatar wannan jeka-ka-dawo, sai dai tana neman ƙarfin cinya.

Sunanta Congo Nile Trail, a yammacin Ruwanda. An buɗe ta a 2011, tsawonta kilomita 227, daga garin Rubavu a arewa zuwa Rusizi a kudu, tana bin gaɓar tafkin Kivu. Ta samo sunanta daga jerin duwatsun da ke raba ruwan yankin gida biyu: wanda ya gangara yamma ya nufi kogin Kwango, wanda ya gangara gabas ya nufi Nilu. Mai tafiya a ƙasa kan yi kwana 10, mai keke kuwa kwana 5. Tun farkon 2018 Ruwanda ke ba kowa biza a filin jirgi, kuma daga 2020 ta yafe wa 'yan ƙasashen Tarayyar Afirka kuɗin bizar kwana 30. Jirgin RwandAir na tashi daga Legas zuwa Kigali, babban birnin ƙasar.

Kuskuren da mutumin fili ke yi shi ne lissafin kilomita. Ya raba 227 gida biyar, ya ga bai kai 50 a rana ba, ya yi murmushi, domin ya san yana iya yin fiye da haka daga garinsu zuwa kasuwar ƙauye ya dawo kafin la'asar. Lissafin nan ba ya aiki a ƙasar da ake yi wa kirari da ƙasar tuddai dubu. Tafkin Kivu kansa yana kimanin mita 1,460 sama da teku, alhali Kano ba ta kai mita 500 ba. Hanyar ba ta kwanta a bakin ruwa ba, hawa take yi kan tudu ta sauko rafi ta sake hawa, tun safe har yamma. Abin da ya kamata mai shiri ya tambaya game da kowace rana shi ne mita nawa za a hau, ba kilomita nawa za a ci ba. Kilomita 30 mai hawan mita 1,000 a kan jar ƙasa da tsakuwa ta fi kilomita 80 a kan kwaltar Kano zuwa Katsina cin jiki. Taswirorin waya irin su Komoot da Strava suna nuna hoton hawa da gangarar kowane zango, kuma wannan hoton ne ainihin abin dubawa. Ga kuma iskar tudu, wadda ba ta cika huhu kamar ta gida. Wanda ya sauka Kigali yau ya hau keke gobe zai ji numfashinsa na yankewa a hawan farko. Kwana biyu na yawo a hankali cikin birnin, wanda shi ma kan tuddai yake, suna taimakawa.

Saboda haka atisaye tun daga gida yake farawa, wata biyu ko uku kafin tafiya. Ba gudu ake nema ba. Abin da ake so shi ne jiki ya saba da zama a kan sirdi awa huɗu ko biyar, kuma kwana biyu a jere, domin rana ta biyu ce ke tona asirin wanda bai shirya ba. Wanda ke da hali ya je Jos, inda tsayin ƙasa ya haura mita 1,000 kuma akwai hawa na gaske, ya gwada kansa da kayan da zai ɗauka ɗaure a keken. Idan ƙungiya ce, a tsara zangon kowace rana bisa ƙarfin wanda ya fi kowa rauni. Na fi ganin hikimar ƙara kwana ɗaya a jadawali a kan a bar mutum ɗaya a baya yana tura keke shi kaɗai har duhu.

Batun duhu ba wasa ba ne. Ruwanda na dab da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana kan faɗi wajen ƙarfe shida duk shekara, kuma dare na rufowa da sauri. A tashi bayan sallar asuba, a yi niyyar isa masauki kafin la'asar.

Lokacin tafiya kuwa ruwan sama ne ke yanke shi. Ruwanda na da damina biyu, babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama wajen Oktoba zuwa Nuwamba. Rani mai tsawo daga Yuni zuwa Satumba yake, sai wani gajere daga Disamba zuwa Fabrairu. A cikin damina jar ƙasar nan kan koma taɓo mai maƙalewa a taya har ta daina juyawa, gangara kuma ta zama haɗari. Yuni zuwa Satumba ya fi dacewa. Musulmi zai duba kalanda kada tafiyar ta faɗo cikin azumi. Akwai kuma ranar Umuganda, Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, wadda jama'a ke fita aikin gayya da safe, shaguna su rufe, motocin haya su tsaya sai wajen tsakar rana. Wanda ya shirya barin Kigali zuwa Rubavu a wannan safiya zai yi zaman jira.

Sai keken kansa. Baƙin keken nan namu mai giya ɗaya, irin Raleigh da Phoenix da iyayenmu suka hau, ƙarfe ne mai amana, amma ba zai yi nan ba. Ana buƙatar keken hawan dutse mai faɗin taya, mai giya da yawa, musamman ƙananan giyoyin da ke sa feda ta yi laushi a kan tudu, da birki mai kamawa, domin gangara mai tsawo tana cinye birki fiye da yadda ake zato. Zaɓi biyu ne: ka je da naka ko ka yi haya a can. Mai zuwa da nasa sai ya cire feda da tayar gaba, ya juya kan keken, ya rage iskar taya, ya sa shi a kwali, kuma ya tambayi kamfanin jirgi ƙa'idarsa da kuɗinsa tun kafin ya sayi tikiti. Keke mai batir kuwa a manta da shi, jiragen fasinja ba sa ɗaukar manyan batura irin nasa. Ga wanda wannan ce tafiyarsa ta farko, haya ta fi sauƙi, kuma masu shirya yawon buɗe ido a Rubavu da Musanze kan haɗa keke da ɗan jagora. Sai dai a hau keken a zagaya da shi kafin a biya, a gyara tsayin sirdi daidai ƙafa. Sirdin da ya yi ƙasa gwiwa yake kashewa.

Ruwanda ƙasar keke ce. Gasar Tour du Rwanda ta fara tun 1988, kuma a Satumbar 2025 Kigali ta karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko da aka yi ta a Afirka. A hanya za ka ga matasa na tura kekuna ɗauke da buhunan dankali da damman ayaba suna hawa tudun da kai kake nishi a kansa ba kaya. Ma'ana, mai faci ba ya wuyar samu a ƙauyuka. Abin da ba lallai ya kasance yana da shi ba shi ne kayan keken zamani. Don haka a riƙe tiyub biyu, da kayan faci, da famfo, da robar birki, da mahaɗin sarƙa, da ɗan makullin kwance-kwance, kuma a koyi amfani da su a tsakar gida, ba a gefen dutse ba. Hular kwano dole ce. Tuƙi a hannun dama ake yi kamar Najeriya da Nijar.

Kaya kuma a rage su iya ragewa, domin duk kilo ɗin da aka ɗora sai an hau da shi kowane tudu. Riga biyu ta tuƙi, ɗaya ta zama, rigar sanyi ɗaya don dare na da sanyi a bakin tafkin, da rigar ruwa mara nauyi. Kada a ƙunshe su a leda, Ruwanda ta haramta ledar roba tun 2008 kuma ana karɓe ta a filin jirgi. Masauki akwai a Kinunu, inda ake wanke kofi, da Karongi, wanda shi ne babban garin tsakiyar hanya, da Nyamasheke, amma ƙananan wurare ɗakunansu kaɗan ne, gara a kama tun da wuri. A riƙe tsabar kuɗin ƙasar, faran na Ruwanda, domin kati ba ya aiki a ƙauye. Abinci ba ya wuya: wake, dankali, ayaba, shinkafa, da ƙananan kifin tafkin da ake kira sambaza, waɗanda masunta ke kamawa da dare da fitilu. Musulmi tsiraru ne a ƙasar, kuma ana cin naman alade a wurare da dama, don haka mai kiyaye yanka ya tambaya kafin ya ci nama, ko ya tsaya ga kifi da wake. A Kigali, unguwar Nyamirambo ce ta Musulmi, da masallatai da gidajen abincinta.

Katin rigakafin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, ana neman sa daga wanda ya fito daga ƙasa irin Najeriya. A ga likita kan maganin zazzaɓin cizon sauro, a kuma yi inshorar tafiya da ta ambaci hawan keke a fili.

Abu na ƙarshe da ba a tsallakewa shi ne tsaro. Bakin hanyar biyu duk a kan iyakar ƙasar Kwango suke: Rubavu na manne da Goma, Rusizi na kallon Bukavu, kuma 'yan tawayen M23 sun kama waɗannan birane biyu a farkon 2025. Kafin a biya kuɗin jirgi a bibiyi halin da iyakar ke ciki, a ji ta bakin masu masaukin da za a sauka, a sake tambaya mako guda kafin tashi. Wanda hankalinsa bai kwanta ba, ko kwanakinsa suka gaza, yana iya ɗaukar wani yanki na hanyar kawai, ya fara ko ya ƙare a Karongi, inda motar haya ke zuwa kai tsaye daga Kigali cikin kimanin awa uku.