Folish da ƙurar Arewa: a san abin da ake gogawa a jikin mota

Duk wanda ya tsaya bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Kore Mairuwa ta shiga Dogondutsi ya san wannan: mota na tsayawa, yaro zai rugo da busasshen tsumma ya hau sharar ƙura. Da kyakkyawar niyya yake yi. Amma a duba murfin injin baƙar mota da tsakar rana, za a ga siraran zane sun kewaye hasken ranar kamar saƙar gizo-gizo. Aikin tsumman nan ne. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin burji na ƙauyukan Tibiri da Matankari ɓarɓashin yashi ce, kuma gogarta a bushe daidai take da goga sanfefa.

Daga nan mai mota yake fara neman folish, a nan kuma ake yawan yin gyaran gangar Abzinawa.

Fentin motar zamani hawa uku ne: shimfiɗar ƙasa, sai launi, sai wani garai-garai a sama mai ɗaukar ƙyalli, wanda masu fenti a Nijar ke kira verni. Kaurin wannan na sama bai cika wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, wato bai kai silin gashin mutum ba. Shi ne ke kare launi daga zafin rana, a ƙasar da ma'aunin zafi kan haura 40 a watannin Afirilu da Mayu. Abin da ake kira gyaran fenti ba wani abu ba ne illa a kankare ɗan kaɗan daga wannan hawa har ya yi daidai da zurfin zanen. Abin da aka kankare kuwa ba ya tsirowa. In ya ƙare, sai rufin mota ya fara yin fari yana saɓa, lokacin babu man da zai yi magani sai sabon fenti.

Robobin mayukan da ake sayarwa kamanninsu ɗaya, aikinsu ya bambanta. Akwai mai kaushi, man gurza, irin su Farécla G3 ko na kamfanin 3M, mai cin fenti da sauri. Akwai folish mai laushi da ke bin bayansa yana share hazon da ya bari. Sai gilez, wanda nake so mai karatu ya fi lura da shi. Gilez ba ya kankare komai. Mai ne da wasu sinadarai da ke cike zanen ya ɓuya, mota ta yi sheƙi kamar amarya, bayan 'yan wankin Omo kuma duk zanen ya dawo inda yake. Na ƙarshe kaki, wanda mai kyansa daga ganyen wata bishiya ta Barazil mai suna karnoba ake samo shi. Aikinsa kariya ce kawai.

Galibin motocinmu na hannu ne, sun sha hanya daga Turai zuwa tashoshin ruwan Kwatano ko Lome kafin su iso, wasu an riga an gurje su sau da yawa. Mai sayen mota ya ɗiga ɗan sifirit a tsumma mai laushi ya shafa a gefen ƙofa. In sheƙin ya tafi zane ya bayyana, gilez aka shafa, kuma ya kamata a faɗa masa gaskiya kafin a yi ciniki. Ni ban ga aibin gilez ba ga mai kai amarya ko mai tsohuwar motar da fentinta ya yi siriri. Aibin shi ne a sayar da shi da sunan gyara.

Wajen aiki, a fara da wanki sosai da ruwa mai yawa, a inuwa, bodi ya huce. Sai a gwada mafi laushi a wuri ɗan tafin hannu biyu. In ya wadatar, an tsira da fenti. In bai yi ba, sannan a hau zuwa mai kaushi, a dawo kan mai laushi, a rufe da kaki. Zanen da farce ke maƙalewa a cikinsa ya wuce aikin folish, a bar shi ko a kai wa mai fenti. Idan kuma tsumma ya ɗauko launin motar, ko dai tsohon fenti ne marar verni, ko an riga an huda shi. A tsaya nan.

Mai aika sautu Yamai, Sakkwato ko Kofar Ruwa ta Kano kada ya ce kawai a sayo masa folish. Ya faɗi sunan kamfani da lambar da ke jikin robar, ya tura hotonta ta WhatsApp, ya ƙi na awo da aka ɗura a robar ruwa ba suna. Ƙaramar roba ta isa mota ɗaya, kada a sayi babba, domin zafin shago da na but ɗin mota yana lalata ragowar.

Ga masu wankin mota na Dogondutsi da Tibiri kuma, roƙona ɗaya: ku koya wa yaranku su watsa ruwa kafin tsumma ya taɓa jikin mota.