Turbar Magangara Goma a Dajin Silver Falls

A ƙasar Amurka akwai gandayen daji da gwamnatin tarayya ke kula da su, akwai kuma waɗanda kowace jiha ke keɓewa da kanta domin jama'a su shiga su yi tattaki, wato doguwar tafiyar ƙafa da ake yi don motsa jiki da kallon halittun Ubangiji. Mafi girma daga cikin irin waɗannan gandaye a jihar Oregon shi ne Silver Falls, wanda faɗinsa ya haura eka 9,000, kuma yana gabas da Salem, babban birnin jihar, da tazarar kilomita talatin da ɗoriya. Abin da ya fito da sunansa shi ne wata turba mai kusan kilomita 12 da ke zagayawa ta cikin kwazazzabo, ta bi da mai tafiya ta gaban magangarar ruwa guda goma, wato wuraren da rafi ke isowa bakin dutse ya zubo ƙasa a tsaye.

Yawancin masu tattaki sukan fara ne daga magangarar kudu, inda ruwa ke faɗowa daga tsayin mita 54, kuma a nan turbar ke yin abin da ya bambanta ta da takwarorinta, domin takan kutsa ta bayan ruwan, har mutum ya tsinci kansa a cikin kogo, dutse a bisa kansa, labulen ruwa a gabansa. A wannan wuri rugugin ruwa yakan danne maganar abokin tafiya, feshi ya jiƙa fuska da tufafi, ƙasa kuma ta yi santsi, shi ya sa takalmi mai kama ƙasa da rigar ruwa suka fi kowane guzuri amfani. Huɗu daga cikin goman ne ake iya ratsawa ta bayansu haka.

Dalilin samuwar waɗannan koguna yana cikin tarihin duwatsun wurin. Kimanin shekara miliyan 15 da suka wuce, narkakken dutse ya tsattsafo daga cikin ƙasa ya malale wannan yanki, ya daskare ya zama baƙin dutse mai tauri, ya danne shimfiɗar ƙasa da yashi mai laushi da ke ƙarƙashinsa. Da rafi ya yi ta zubowa tsawon zamani, sai ya rarake mai laushin ya bar mai taurin a sama kamar rumfa. A magangarar arewa, mai tsayin mita 41, kogon ya fi zurfi, kuma wanda ya ɗaga kai zai ga ramuka a rufinsa, waɗanda gurabe ne na itatuwan da narkakken dutsen ya kewaye, ya daskare a jikinsu, su kuma suka ƙone ko suka ruɓe suka bar siffarsu.

Shi kansa dajin yana da labarin da ya kamata a tsaya a kai. Mai tafiya a yau yana ratsa inuwar dogayen itatuwan Douglas fir, wani nau'in itace mai ganye kamar allura wanda ba ya kakkaɓewa, rassan da ke ƙasa kuma gansakuka ta lulluɓe su saboda yawan damshi, har ya ɗauka gatari bai taɓa shiga nan ba. Alhali kuwa a farkon ƙarni na 20 masu yankan katako sun yi wa yankin aski, ta yadda a 1926, lokacin da aka nemi a mayar da shi gandun tarayya, jami'in da ya zo dubawa ya ƙi amincewa saboda yawan kututture. Wani mai ɗaukar hoto daga garin Silverton, June Drake, bai karaya ba. Ya shafe shekaru yana nuna wa jama'a da hukumomi hotunan magangarun har jihar ta buɗe gandun a 1933. Daga 1935 kuma matasan rundunar CCC, wadda Shugaba Roosevelt ya kafa don samar da aikin yi a lokacin matsin tattalin arziki, suka shiga dasa itatuwa da gyara turba da gine-gine na dutse da katako, ciki har da masaukin da ke kusa da magangarar kudu, wanda har yau yake karɓar baƙi.

Lokacin zuwa yana canja abin da ido zai gani, domin a Oregon ruwan sama yana sauka ne a watannin sanyi da farkon bazara, watannin zafi kuma su zo da fari, saboda haka wanda ya je a watan Afrilu zai tarar da rafukan cike maƙil, wanda ya je a Agusta kuwa zai ga wasu ƙananan magangarun sun koma ɗigo. An hana shiga da karnuka ɓangaren kwazazzabon saboda ƙuncin turbar, kuma an tanadi gajerun hanyoyi da ke yankewa su mayar da wanda ƙarfinsa ya gaza zuwa inda ya ajiye motarsa.