Allurar Jijiyoyin Ƙafa: Me Take Yi, Wa Kuma Ya Isa Ya Riƙe Ta?

Daga kasuwar Jega zuwa fadamun albasa na Aliero, har gonakin Maiyama, yawancinmu da ƙafa muke neman abinci. Mai tebur yana tsaye daga hantsi har almuru. Malamin makaranta yana tsaye gaban allo. Uwargida tana tsaye a bakin turmi, sau da yawa da goyo a baya da ciki a gaba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mutum ya dubi sharaɓarsa wata rana ya ga jijiyoyi sun taso, sun murɗe kamar igiyar guga. Waɗansu kuwa ƙananan zare-zare suke gani, ja ko shuɗi, sun bazu ƙarƙashin fata kamar saƙar gizo-gizo.

Yanzu labari yana iso mana ta waya da bakin 'yan'uwa mazauna birane, cewa akwai wata allura mai ɓatar da su. Labarin gaskiya ne. Amma mu mutane ne masu son allura. Da yawa cikinmu ba su yarda an yi musu magani ba sai an soka musu. Domin wannan ya kamata mu san ko wace irin allura ce, da wanda ta dace da shi, da wanda ya isa ya riƙe ta.

Me Ke Sa Jijiya Ta Taso?

Zuciya tana tura jini zuwa ƙafa ba wuya, gama gangara ce. Aikin yana wajen komowa, domin tilas jinin ya hau daga tafin sawu har ƙirji. Abu biyu ke taimakonsa. Na fari naman sharaɓa ne, wanda ke matse jijiyoyi duk sa'ad da muka taka, ya tura jinin sama. Na biyu waɗansu 'yan ƙyamare ne cikin jijiyar, masu buɗewa sama kaɗai. Wani malamin likita na Italiya, Fabricius, ya bayyana su a littafi a 1603, almajirinsa William Harvey na Ingila kuma ya nuna amfaninsu a 1628.

Manomin rani ya san misalin wannan. Idan bawul na bakin tiyon injin ban ruwa ya lalace, ruwan da aka jawo sai ya koma rijiya. Haka nan idan ƙyamaren jijiya suka saki, jini yakan koma ƙasa ya taru. Jijiyar ta buɗe, ta yi tsawo, ta murɗe.

Akwai abu guda da ya kamata mu riƙe. Jijiyoyin ƙafa iri biyu ne. Akwai manya can ciki tsakanin nama, su ne ke ɗauke da mafi yawan jini. Akwai kuma na kusa da fata, su ne muke gani suna kumbura. Shi ya sa likita zai iya rufe ta waje wadda ta lalace, jinin ya bi ta ciki, muddin ta cikin lafiyarta ƙalau.

Abubuwan da ke jawo shi sanannu ne: gado, yawan haihuwa, doguwar tsayuwa wuri ɗaya, ƙiba, da tsufa. A ƙasashen Turai abin ya yi yawa. Binciken da aka buga a 1999 daga birnin Edinbara ya same shi ga wajen mutum ɗaya cikin manya uku. A 1972 kuwa Likita Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya rubuta cewa da wuya ake ganinsa a ƙauyukan Afirka. Ya ɗora dalilin a kan abincinmu mai dusa, wanda ke hana taurin bayan gida da yawan yunƙuri. Ba dukan likitoci suka yarda da wannan dalili ba. Amma abincinmu da zamanmu sun sake ƙwarai tun daga lokacin, asibitocinmu kuwa suna ganin masu ciwon.

Game da masu kama da saƙar gizo, akwai wani dalili da ya kamata mata da 'yan mata su ji. Da yawa cikin mayukan bilicin suna ɗauke da magani mai ƙarfi da ake kira sitiroyid. Yana sa fata ta yi siriri har ƙananan jijiyoyi su bayyana a fuska da cinya. Wadda take shafa irin wannan, maganinta na farko shi ne ta ga likita ya nuna mata yadda za ta bari, gama allura ba za ta gyara fatar da ake ɓatawa kullum ba.

Allurar Ba Sabuwa Ba Ce

Likitoci suna kiran wannan magani sikilerotarafi, daga wata kalmar Helenanci mai nufin tauri. Tun 1682 wani likita a Suwizalan, Zollikofer, ya gwada zuba ruwa mai ƙuna cikin jijiya. Waɗanda suka biyo bayansa sun yi ta gwaji da magunguna masu zafi, mutane suka sha wahala, har taron likitocin tiyata a birnin Liyon na Faransa ya yi tir da hanyar a 1894. Sai a 1946 aka samu magani mai sauƙi da har yau ake amfani da shi, watau sodiyam tetaradesil. A 1963 Likita George Fegan na birnin Dablin ya ba da labarin mutane fiye da 13,000 da ya yi wa allurar, ya nuna cewa ɗaure ƙafa da bandeji bayan allura shi ne rabin aikin. Wajen shekara ta 2000 wani Ba'italiye, Lorenzo Tessari, ya nuna yadda za a kaɗa maganin da iska tsakanin sirinji biyu ya zama kumfa, domin ya isa jijiyoyi manya. Ɗaya maganin da aka fi sani, folidokanol, ya sami izinin hukumar magunguna ta Amurka a 2010.

Mun kawo wannan tarihi domin mu ga cewa ƙwararru sun yi shekara fiye da 250 kafin su sami maganin da ya dace da gwargwadonsa.

Yadda Ake Yin Ta

Wannan allura dabam take da ta zazzaɓi da ake yi a ɗuwawu. Ba ta ƙara ƙarfi, ba ta kashe ƙwayar cuta. Aikinta ɓata cikin jijiya ne da gangan. Maganin yakan ƙone bangon jijiyar daga ciki, bangon ya manne, jini ya daina bi, a hankali jiki ya shanye ta.

Kafin a taɓa jijiya babba, sai an duba ƙafar da na'urar sikanin, irin wadda ake duba cikin mai juna biyu, domin a ga inda jini ke komowa, a kuma tabbata jijiyoyin ciki ba su toshe ba. Sa'an nan mutum ya kwanta, a soka allura siririya ƙwarai a wurare da dama. Ba a sa mutum barci. Yawanci ba ya kai awa guda. Da an gama sai a ɗaure ƙafar ko a sa safa mai matsi, a ce masa ya tashi ya yi tafiya. Zai riƙa sa safar mako ɗaya ko biyu, ko yadda likita ya faɗa.

Ƙananan jijiyoyi sukan dushe cikin mako uku zuwa shida, manya kuwa wata uku ko huɗu. Sau da yawa zuwa ɗaya ba ya isa. Mai lissafin kuɗi ya lissafa da na mota, da na sikanin, da na safa, da na komawa.

Kada kuma mu ɗauka ita ce sarkin magani. A 2013 hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idodin aiki, ta ce ga manyan jijiyoyi a fara da rufe su da zafi daga ciki, in ba hali a yi allurar kumfa, in ba hali a yi tiyata. Wani bincike a Birtaniya da mutum 798, wanda aka buga sakamakonsa na shekara biyar a 2019, ya nuna waɗanda aka yi wa zafin leza ko tiyata sun fi masu kumfa jin sauƙi. Ga ƙananan jijiyoyi dai allura ce aka fi yi. Ko an yi ta daidai, sababbi suna iya fitowa bayan shekaru, gama ba ta cire gado.

Haɗarinta

Ko a hannun gwani, wurin yakan yi tabo mai duhu, baƙar fata irin tamu kuwa ta fi saurin riƙe tabo, wani ya yi watanni kafin ya dushe. Idan maganin ya zuba waje da jijiya, yana iya cin fata ya bar miki. Idan aka yi kuskure ya shiga jijiyar da ke kawo jini daga zuciya, naman ƙafa yana iya mutuwa. Jefi-jefi jini yakan daskare a jijiyar ciki, ko jikin wani ya ƙi maganin nan take har numfashi ya yi wuya. Ba a yi wa mai ciki. Mai shayarwa, da wanda ke kwance ba ya tafiya, da wanda jini ya taɓa daskare masa, su faɗa wa likita tun da fari.

Mutane suna zuwa Aliero daga nesa neman ɗori, domin sun san ba kowa ake miƙa wa karyayyen ƙashi ba. Haka wannan allura take. Aikin likitan jijiyoyin jini ne, ko likitan fata da ya koyi yin ta. Mai kemis ba shi da sikanin. Mai yawo da jaka ranar kasuwa ba shi da abin ceto idan numfashi ya tsaya. Mai shagon gyaran jiki ba likita ba ne. Araha ba ta ado, balle a kan ƙafar da ke ciyar da gida.

Muna kuma roƙo kada a kai kumburarriyar jijiya wurin wanzami a yi mata tsaga ko ƙaho wai a fitar da mataccen jini. Jinin ba matacce ba ne, tsayawa ya yi. Jijiyar tana cike, fatar kanta siririya, jinin kuwa zai zuba fiye da yadda ake zato, wurin kuma ya iya zama gyambo.

Abin Da Za Mu Yi A Gida

Yawancin masu wannan abu ba su bukatar allura. Idan ba ciwo, ba kumburi, ba lalle a taɓa su ba. Ga abin da ke rage nauyin ƙafa:

1. Mai aikin tsaye ya riƙa taka 'yan sawu, ko ya yi ɗage ya sauka sau goma, kowane rabin awa.
2. Da rana ko da yamma a kwanta a ɗora ƙafa bisa matashi ko bango, ta fi ƙirji tsawo, kamar minti goma sha biyar.
3. A rage ƙiba, a ci ganye da wake da hatsi mai dusa, a sha ruwa.
4. A shafa man kaɗanya a ƙwauri domin kada fata ta bushe ta tsage. A bar susa.
5. Safa mai matsi tana taimako, amma sai ma'aikacin lafiya ya auna, musamman ga tsoho da mai ciwon suga.

Mai ciki ta yi haƙuri, gama yawancin jijiyoyin da ciki ya tayar sukan ragu cikin watanni bayan haihuwa. Maigida kuma ya taimaka ta sami zama. Amma idan fuska da hannu suka kumbura, ga ciwon kai, ta tafi awo ran nan, domin wannan wata magana ce dabam mai haɗari.

Idan jijiya ta fashe, kada a tsaya ana kururuwa. A kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar sama, a danne wurin da tsumma mai tsabta, kada a saki. Kada a ɗaure cinya da igiya, kada a zuba ƙasa ko toka. Sa'an nan a kai shi asibiti.

Yaushe Za A Tafi Asibiti?

A tafi idan ciwo da nauyi suna hana aiki ko barci, ko fatar wajen idon sawu ta yi duhu da tauri da ƙaiƙayi, ko jijiyar ta yi tauri da zafi, ko miki ya kai mako biyu bai warke ba. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da ciwo, balle in da ciwon ƙirji ko haki, wannan na gaggawa ne, ko da tsakar dare.

A fara da babban asibiti mafi kusa. Ba kowane kumburi ko gyambo ne daga jijiya ba. Sikila, da ciwon suga, da na zuciya, da na ƙoda, da tundurmi duka suna bayyana a ƙafa, likita ne zai rarrabe. Idan ya ga da bukata, zai ba da takarda zuwa Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda manyan likitocin tiyata suke. Wanda aka ce za a yi wa allurar ya yi tambaya uku ba kunya: An duba jijiyoyina na ciki? Mene ne sunan maganin? Sau nawa zan komo, nawa ne kuma duka? Likitan kirki ba ya fushi da tambaya.

A gidajenmu akwai iyaye mata da suka ɓoye ƙafa ƙarƙashin zane shekara da shekaru, suna cewa ba kome. Bari 'ya'ya su duba ƙafafun tsofaffinsu, matan zumunta kuma su tambayi juna. Mikin da aka kai asibiti a makonsa na biyu ya fi sauƙin warkewa da wanda ya shekara.