Bayanin Kiwon Goɗiya da Renon Duƙushi

 

Wani ɗan'uwa cikin almajiran da ke zama zaurena a Hanwa ya gaji goɗiya, ya roƙe ni in rubuta masa abin da na sani ga sha'anin baye da renon duƙushi. Na amsa masa, domin mu a Zazzau mun san doki ranar Hawan Sallah da Hawan Daushe, amma ingarmu ne ke ɗaure a bargunanmu, da yawansu sayo su aka yi daga kasuwannin arewa irin ta Maigatari. Saboda haka kaɗan ne cikinmu suka taɓa tsayuwa kan goɗiya tana naƙuda. Ka sani, ya ɗan'uwa, rayuwar duƙushi, da iznin Allah, tana rataye ga yininsa na farko, kuma dukan abin da zan ambata kintsi ne domin wannan yini.

Fasali na farko, ga baye. Kada ka kai goɗiya ga ingarma sai ta cika shekara 3, domin wadda ba ta gama girma ba tana raba abincinta tsakanin ƙashinta da na ɗanta. Goɗiya tana neman namiji bayan kowane kwana 21, ta yi kwana 5 zuwa 7 tana karɓarsa, kuma ciki ya fi shiga a ƙarshen kwanakin. Cikinta kwana 340 ne ko abin da ya kusance su, watau wata 11 da rabi ga lissafinmu na wata. To ka yi lissafi. Idan aka baye ta farkon hunturu, za ta haihu da kaka, sa'ad da harawa ta wadata, ƙwari suka fara janyewa. Idan kuwa haihuwa ta faɗo tsakiyar damina, duƙushi zai sauka cikin taɓo da cizo.

Mas'ala. Shin ya halatta a biya mai ingarma ladan baye? Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo cikin Muhtasar na Shehu Halilu, sun hana a yi jinga bisa sharaɗin sai goɗiya ta ɗauki ciki, domin garari ne, ba wanda ya mallaki shigar ciki. Amma sun halatta a yi jinga bisa lokaci sananne ko adadin hawa sananne.

Fasali na biyu, ga ciki. Mafi yawan girman ɗan tayi cikin wata 3 na ƙarshe yake, nan ne za ka ƙara mata harawar gyaɗa ko ta wake, da hatsi gwargwado, da gishiri, da ruwa mai tsabta ba yankewa. Kada ka dogara ga dusa ita kaɗai, domin yawanta ba tare da harawa ba yana raunana ƙashi. Idan saura mako 4 zuwa 6 ta haihu, a yi mata allurar rigakafin sarƙewar haƙora, domin kariyar ta taru cikin nononta. Asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, yana nan Samaru kusa da mu, mutumin Hanwa ba shi da uzuri.

Fasali na uku, ga haihuwa. Alamarta hantsa ta cika, wani abu kamar kakin zuma ya daskare a bakin nono. Mafi yawa da dare take haihuwa. Ka kwance ta daga turke, ka shimfiɗa mata busasshiyar ciyawa inda ba kashi. Bayan fashewar faya, ɗa yana fitowa cikin minti 20 zuwa 30, ƙafafun gaba tukuna, hanci bisa gare su. Idan ya wuce haka, ko ka ga ƙafa ɗaya kaɗai, ka aika a kira likita, kada ka sa igiya ka ja. Sa'an nan ka kiyaye abu uku: duƙushi ya miƙe cikin sa'a 1, ya kama nono cikin sa'a 2, mabiyiya ta faɗi cikin sa'a 3. Mabiyiyar da ta maƙale ba a jan ta da hannu, magani take so da gaggawa, domin gubarta tana sauka har kofato. Cibiya kuwa ka bar ta ta tsinke da kanta, ka tsoma ta cikin ruwan ayodin da aka sirka, kada a sa mata toka ko ƙasa.

Fasali na huɗu, ga dakashi, shi ne maƙasudin wannan takarda. Dakashi shi ne nonon farko, mai kauri, mai ɗanko, mai rawaya. Ɗan Adam yana samun garkuwa daga cuta tun yana cikin uwa, amma mahaifar goɗiya ba ta barin wannan garkuwa ta ƙetara, sai duƙushi ya fito ba shi da makami. Allah Ya sanya garkuwarsa cikin dakashi, Ya buɗe hanjinsa domin ta ratsa zuwa jini. Wannan ƙofa ta fi buɗuwa cikin sa'a 6 na farko, tana ƙuntata, kafin kwana ɗaya ya cika ta rufe. Abin da ya sha bayan haka abinci ne kawai.

Ni kaina na jahilci wannan. Wata shekara goɗiyata ta haifi duƙushi akawal, na ga nonon da kauri, na ɗauke shi gurɓatacce kamar yadda na ji tsofaffi na faɗa, na sa ɗan barga ya tatse shi ya zubar, muka ba jaririn ruwan ɗumi har gari ya waye. Kwana 3 yana tsalle. Ran na huɗu gwiwarsa ta kumbura, ya bar shan nono, kafin mako ya cika muka haƙa masa rami. Likitan da ya zo bai zarge ni ba, tambaya ɗaya ya yi mini: me ya sha daren da aka haife shi? Ajali na Allah ne, amma sababi daga hannuna ya fito. Saboda haka idan duƙushi ya kasa kama nono, ka tatsi dakashin cikin ƙwarya mai tsabta, ka ba shi kaɗan kaɗan yana tsotsa, kada ka ɗura masa. Yana bukatar lita 1 zuwa 2 kafin rabin yini.

Fasali na biyar, ga reno. Ka duba ya yi kashin farko, baƙi, cikin yinin nan. Ka cire masa kaska, ka ba shi maganin tsutsar ciki bisa faɗar likita. Ka shigar da su barga daga magariba zuwa hantsi lokacin damina, domin ƙananan ƙwari masu cizon dare su ke ɗauko annobar dawaki, mai kumbura saman ido da kawo kumfa a hanci. Garkuwar dakashi tana ƙarewa cikin watanni kaɗan, a nan rigakafin kansa zai soma. Ka yaye shi a wata 5 ko 6, ka saba masa da ragama da taɓa kofato tun yana ƙarami. Kada ka ɗora masa sirdi sai ya kai shekara 3, ko da Sallah ta matso kana sha'awar a gan shi gaban fada.

Dabba amana ce, za a tambaye mu gare ta. Wanda ya ga kuskure cikin wannan takarda ya gyara, wanda ya amfana ya sa ni cikin addu'a. Allah ne Mafi sani.