Yadda kwak masu nauyi ke ratsa "kunun" da ya fi rana zafi

Duk wanda ya taɓa bin mai turin kura ɗauke da buhunan albasa a babbar kasuwar Garuwa ya san cewa daga tafiyar kurar ake gane cikar kasuwa. In ta wuce fiu, babu jama'a. In tana ja tana tsayawa, kasuwa ta ci. To, da irin wannan dabara ce masana ke auna wani abu da ido ba ya gani.

A kan iyakar Faransa da Suwizalan, kusa da Janeba, cibiyar bincike ta CERN na da wani rami mai zagayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa. Tun 2010 ake harba ƙwayoyin dalma a cikinsa, suna tsallake iyakar ba ruwansu da kwastan, har su yi karo da gudun da ya kusa na haske. Karon kan narkar da su zuwa ƙananan ɓurɓushin da ake kira kwak, su zama wani irin kunu mai zafin da ya ninka na tsakiyar rana fiye da sau dubu 100. Masana na ganin haka duniya take a farkon halittarta.

Matsalar ita ce kunun kan ɓace nan take, babu damar tsoma ma'auni. Nan ne kwak masu nauyi ke da amfani, wato "charm" da aka gano a 1974 da "bottom" a 1977. Su ana haifar su tun farkon karon, don haka dole su ratsa kunun daga ciki har waje. Ƙarfin da suka rasa a hanya shi ke nuna kaurinsa.

Da farko an ɗauka nauyinsu zai sa su wuce kusan salin-alin. Sai injin RHIC na Amurka, mai karo da ƙwayoyin zinare, ya nuna akasin haka, na'urar ALICE ta CERN kuma ta tabbatar: "charm" kan rasa ƙarfi sosai, har kunun ya ja ta inda ya nufa, kamar yadda turmutsitsin ranar kasuwa kan kauce da kura. Ita "bottom", da ta ninka ta nauyi wajen sau 3, ta fi taurin kai, ba ta cika jawuwa ba. A 2023 aka koma karon dalma da na'urori da aka sabunta, don a auna wannan bambanci da kyau.