Hujin Harshe Da Leɓe: Baki Ba Kunne Ba Ne

Yau zancenmu a kan wata kwalliya ce da 'yan matanmu ke gani a finafinai da wayoyin hannu, wato huda harshe ko leɓe a maƙala ɗan ƙarfe. Mun saba da hujin kunne da na hanci tun kaka da kakanni, shi ya sa yarinya za ta ce miki, "Mama, ai duk huji ne." To, ba ɗaya ba ne.

Bakin ɗan Adam kullum a jiƙe yake da ɗumi, cike da ƙwayoyin cuta iri-iri. Da an huda harshe, an buɗe musu ƙofar shiga jini ke nan. Harshe kuwa tsoka ce mai jijiyoyin jini da yawa. Idan allura ta sami ɗaya, jini kan ƙi tsayawa. Yakan kuma kumbura, wani lokaci har ya toshe hanyar numfashi. Yarinyar da ke da lalurar zuciya ta fi shiga haɗari, domin ƙwayoyin kan bi jini su kama cikin zuciyar. Idan kuma allurar an huda wata da ita ba a tsabtace ba, ana iya ɗaukar ciwon hanta nau'in B ko C, har ma da ƙanjamau.

Ko ramin ya warke lafiya, da sauran magana. Ƙarfen nan yana bugun haƙora dare da rana, ya tsattsaga su ko ya ɓantare su. Na leɓe kuma yana gugar dasashi har naman ya janye, tushen haƙori ya bayyana, kuma dasashin da ya janye ba ya dawowa da kansa. Saboda irin wannan ne yankin Wales na Birtaniya ya haramta huda harshen duk wanda bai kai shekara 18 ba, tun shekarar 2018.

To uwargida, idan kin tarar 'yarki ta riga ta huda, ki danne fushi. Duka da zagi za su sa ta ɓoye miki ciwo ne kawai. Ki duba bakin. Idan da ruwan ƙwai, ko zazzaɓi, ko kumburin da ya sauko ƙasan haɓa, ko haɗiya ta yi wuya, ku tafi asibiti nan take, kada a jira gari ya waye. Kada ki fizge ƙarfen da kanki, ramin kan rufe mugunya ta taru a ciki. Ki bar wa likita.

Idan kuma ba ta huda ba tukuna, ki zaunar da ita yau ku yi hira. Lalle yana gogewa, kitso ana tsefe shi, amma haƙorin babba in ya karye ba ya sake tsirowa. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu lafiya.